Shekarar da Na Shuka Jikokin Masara

Akwai daminar da ba za ta taɓa fita daga raina ba, ko da zan kai shekarun kakata a duniya. Ita ce daminar da na cika gonar bayan gidanmu da masarar da aka ce mini kada in shuka. An daɗe da yin abin, amma har yau in na tuna sai haushi ya taso mini sabo, kuma rabinsa haushin kaina ne.

Tun kafin komai ya faru da damuwata nake kwana nake tashi. Ni dama mace ce mai sa abu a rai. A lokacin 'yata ta fari ko shekara ba ta cika ba, ga ta 'yar siririya, wuyan hannunta bai fi kaurin kara ba, kuma ban da nono ba abin da take yarda ya shiga bakinta sai kunu. Mu huɗu ne a gidan: ni, da maigidana, da mahaifiyarsa da muke kira Inna, sai yarinyar. Babbar gonarmu tana can bakin daji ta wajen Kamuku, amma tun da daji ya daina shiguwa saboda rashin tsaro, shekara biyu ke nan ba wanda ya taka ta. Abin da ya rage mana shi ne 'yar gonar bayan gida, wadda in ka tsaya a wannan gefe ka yi magana a hankali, na wancan gefen zai ji ka. Ita ma ɗin wuta-wuta ta addabe ta, ciyawar nan mai fure ja-ja da ke maƙale wa saiwar hatsi ta tsotse shi. Kullum da safe in na je ɗebo hatsi sai na zura hannu cikin rumbu na ji inda ya tsaya, in dawo ina lissafin watannin da suka rage kafin kaka. Maigida yakan ce in bar wa Allah. Ni ma na san Allah ke ciyarwa, amma ni ce ke riƙe da ludayi.

Ana cikin haka sai wasu masu binciken iri suka zo garinmu. An ce da can har cikin ƙauyukan daji suke shiga, amma yanzu su ma ba sa yin nisa da titi, don haka mai unguwa ya ba su wani fili kusa da makarantar firamare. Shugabarsu mace ce, doguwa, mai tabarau, tana ɗora malafa a kan hijabi, ga takalmin roba har gwiwa. Malama muke ce mata. Da masararsu ta kusa fure sai ta ce tana neman mata masu haƙuri da sanyin hannu. Na ce wa maigida zan je, ko sabulu na samu.

Aikin da aka sa mu ban taɓa ganin irinsa ba. Layi-layi aka yi shukar, kowane layi da ɗan allonsa. Wasu layukan Malama ta ce su ne uwa, wasu kuma uba. Da zarar goyo ya leƙo a jikin uwa, tun gemunsa bai fito ba, sai mu rufe shi da 'yar jakar takarda don kada garin furen wata masarar ya faɗa masa. Shi kuma uban, furen da ke bisa kansa muke sa wa babbar jaka mu ɗaure. Washegari da hantsi, in raɓa ta bushe, sai a lanƙwaso kan a hankali a kaɗa, wani gari rawaya mai laushi ya zuba cikin jakar, a kai wa uwar a zazzaga mata a kan gemu, a mayar a rufe, Malama ta rubuta lamba. Ni sai a lokacin na san cewa kowane zaren gemu ƙwaya guda yake haifarwa. Duk shekarun da na yi ina fizge gemun nan ina yarwa in zan gasa masara, ban san ta nan take ɗaukar ciki ba.

Da na ba Inna labari sai ta ajiye tsintsiya ta dube ni.

"To, Allah ya sanya alheri. Yanzu har masara ake ɗaura wa aure? Wa ya yi wa amarya walicci?"

"Malama ce, Inna."

"Ai kuwa ta sha aiki. Mu tamu iska ke haɗa ta, ba goro ba alewa, kuma ba ta taɓa kawo ƙara ba."

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, uwa da uban nan ba abin kallo ba ne. Gajeru ne, sirara, kamar sun tashi daga jinya. Uwar fara ce, uban rawaya. Amma a gefe guda akwai wani yanki da aka shuka 'ya'yan da aka samu daga irin wannan haɗi na bara, su ake kira masara mai aure, su kam sai wanda ya gani. Tsayinsu ɗaya kamar an ja igiya an daidaita, ganye kore shar, rana ɗaya suka yi fure, wuta-wuta na tsirowa a gindinsu amma ko a jikinsu. Goyo kuwa kamar damtsen mutum. Nakan tsaya da yarinya a bayana ina kallonsu, ina ayyanawa a raina cewa da wannan ce a bayan gidanmu da na huta da fargaba.

Ranar girbi aka ɓare, aka auna, aka rubuta, sannan Malama ta tara mu ta raba mana abin da ya rage na mai auren. Ta ɗaga wani kai sama ta ce, "Ku ji ni da kyau. Wannan ta ci ce. Ku yi tuwo, ku yi kunu, amma kada wadda ta ajiye ta iri. In kun shuka ba za ta ba ku irin wannan ba."

Iyakar abin da ta faɗa ke nan, direbansu na ta danna hon don su bar hanya tun rana na sama. Wata da ke gefena ta raɗa mini, "Ji dabara. Don mu riƙa saye a wurinsu duk shekara ne." Na gyaɗa kai. Maganar ta zauna mini daram, don dama ita nake son ji.

Ku da ba ku tashi a gidan noma ba, sai na ɗan yi muku bayani. A wurinmu kan masarar da ya fi kowanne girma da cika ba a cinsa. Ko yunwa ake yi ba a cinsa. Tun a gona ake ware shi, a zame ɓawonsa baya, a kitse shi da na 'yan'uwansa, a rataye a saman murhu hayaƙi ya riƙa dukansa saboda ƙwari, har damina ta zagayo. Haka na ga uwata na yi, haka na tarar Inna na yi. Mai kyau ke haifar mai kyau, wannan ba sai an je makaranta ba. To ga mace ta zo daga birni ta ce in dafa masarar da ta fi duk wadda na taɓa riƙewa a hannuna. A kunnena kamar an ce in yanka saniya mai ciki ne. Na zaɓi manya-manyan na kitse na rataye, ƙananan kawai na kai niƙa.

Akwai abin da na lura da shi ranar da nake kitson. A kai guda sai ka ga ƙwaya rawaya, ga fara a gefenta, ga wata tsaka-tsaki, rawayar ta fi yawa. Na daɗe ina jujjuya shi a hannu. Da na san abin da na sani yanzu, da na gane cewa masarar ce da kanta take nuna mini cikinta ya riga ya rabu. Ni kuwa na ce ado ne.

Da bazara ta yi, hadari ya fara haɗowa, sai rigima ta tashi a kan abin da za a shuka. Inna na da nata irin, wata farar masara gajera da ta gada a wurin tata surukar, ba ta cika ido amma ba ta taɓa ba da kunya ba. Na sauko da nawa, ta sauko da nata, muka baje a tabarma gaban maigida. Kai ɗaya nawa ya yi biyun nata.

Na ce, "Inna, ki duba fa. Gonar nan ƙarama ce. In muka cika ta da wannan, har wata kakar ba za mu nemi hatsi ba."

"Ita mai abin me ta ce?"

"Ai kin san mutanen birni."

"Ban san su ba. Na dai san baƙo ɗaki ake ba shi, ba a ba shi gida. Ki ba ta kunya biyar mu ga halinta."

"Kunya biyar me za ta yi wa takwararki? Dubi wuyanta fa, Inna."

Yarinyar sunan Inna ta ci, kuma na san inda na taɓa. Tsohuwar ta dubi jikarta. Na juya wurin maigida ina jiran ya yanke magana, shi kuwa yana ta gyaran ƙotar fartanya kamar ba da shi ake ba.

"Ni dai wanda kuka zuba mini a ƙwarya shi zan sa a rami," in ji shi.

Wallahi har yau wannan maganar na ba ni haushi. Da ya ce a'a, da na yi fushin kwana biyu na huce. A ƙarshe Inna ta ce a bar mata kunya biyu a jikin danga, sauran in yi yadda na ga dama. Na kuwa yi.

Tsiro ya fito ba gurbi ko ɗaya. Sati uku ina tafiya kamar ni na ƙago noma, har maƙwabta nake kira su zo su gani. Sai bayan an yi maimai, wato noma na biyu, na fara ganin abin da ban gane ba. Wannan ta kai mini ƙugu, ta gefenta ko gwiwa ba ta kai ba, alhali kunya ɗaya suke, ruwa ɗaya, taki ɗaya. Na ce maigida ne bai zuba taki daidai ba. Ya ce da hannunsa ya bi gindi-gindi. Na ce to kajin maƙwabta ne suka tone saiwa. Da kajin suka fita daga zargi sai na ce baki ne, tunda na yi ta nuna wa mutane, har na kafa sanda a tsakiyar gona na kifa mata baƙar tukunya. Duk wanda za a iya ɗora wa laifi na ɗora masa, ban da irin da na shuka.

Lokacin fure abin ya ƙara fitowa fili. Wasu sun yi fure har ya bushe, wasu ko alama babu. Wasu sun fi maigida tsayi amma ba goyo, sai ganye. Wasu gemunsu ya makara, ya fito bayan garin fure ya ƙare, in ka buɗe goyon sai ka ga ƙwaya jefi-jefi kamar haƙoran tsohuwa. Wuta-wuta kuwa ta tashi tana zaɓe: ta kama wannan ta mayar da ita rawaya ta tsugunar, ta bar ta kusa da ita tsaye. Kunyoyin Inna biyu suna can jikin danga, gajeru, kansu ɗaya, ba ruwansu da kowa.

Inna ba ta taɓa ce mini "ai na faɗa miki" ba. Da ta faɗa da ya fi mini sauƙi. Sai dai ta tsaya a bakin gona, hannu a baya, ta ce, "Ikon Allah. Gona kamar ranar kasuwa, ga dogo, ga gajere, ga wanda ya zo kallo kawai." Matan da na kira su ga tsiro kuwa, in sun zo wucewa rijiya sai su ce, "Sannu da bincike, Malama ƙarama." Abinci ya daina shiga mini. Kullum sai na bi kunya-kunya ina matsa goyo da yatsa in ji ko akwai ƙwaya a ciki, kamar matsawar za ta ƙara masa wani abu.

A wannan daminar ma masu binciken sun dawo filin makaranta, amma ban je aikin ba. Na aika cewa ina da uzuri, alhali kunya ce kawai. In na hango motarsu sai in shige ɗaki. Wata rana da hantsi ina tsugune a gona ina tuge wuta-wuta, sai na ji sallama a bayana. Malama ce, da malafarta. Ta ce daga titi ta hango gonar ta sa direba ya tsaya.

Na amsa ban ɗago ba, ina jiran faɗa. Faɗa bai zo ba. Da na waiga, ashe ta shige tsakiyar gona tana bin masarar ɗaya-ɗaya, tana shafa ganye, tana durƙusawa tana leƙen gindi, fuskarta kamar ta wadda aka yi wa albishir.

"Masha Allah. Ta bara ce wannan, ko? Wadda na raba muku?"

"Ita ce."

"Kin san tun yaushe nake neman fili mai wuta-wuta haka, in zuba jikokin nan in ga waɗanda za su tsaya? Zo ki ga wannan. Wuta-wuta har huɗu a gindinta, amma ko gezau."

Ban san lokacin da na miƙe ba. Ni ina kallon yunwar 'yata, ita tana kallon abin sha'awa. Na ce, "Malama, abincinmu na shekara ne kike wa masha Allah."

Sai ta tsaya. Ta cire tabarau, ta dubi gonar daga wannan danga zuwa waccan.

"Ina sauran gonarku?"

"Tana daji."

"Duka nan kika shuka ta?"

"Ban da kunya biyu."

"Haba 'yar'uwa. Ai na ce kada ku shuka."

"Kin ce. Amma ba ki ce don me ba."

"Ke ma ba ki tambaya ba."

Inna da ke jin mu ta bayan danga ta ce, "Ku shigo inuwa ku ƙarasa. Duk ku biyun kuna da gaskiya, irin gaskiyar da ba ta cika rumbu."

Muka zauna a gindin mangwaro. Malama ta ce a ba ta tsintsiya biyu, sabuwa da tsohuwa. Ta zare tsinke goma farare daga sabuwar, goma baƙaƙe daga tsohuwar. Ta ce a cikin jikin masara akwai wasu zarurruka ƙanana ƙwarai, ido ba ya ganinsu sai da na'ura. Ta faɗi sunansu, kuromosom, ta ce su ke ɗauke da duk halin shuka: tsayinta, launinta, saurin nunarta, har da jure wa wuta-wuta. Na masara ashirin ne, biyu-biyu suke zama, goma daga uwa, goma daga uba.

Ta jera fararen a tabarma ta ce na uwa ke nan. Ta ajiye baƙi a gefen kowane fari ta ce na uba ke nan.

"Wannan ita ce mai auren da kika gani bara. Uwarta an daɗe ana tace ta har ta zama abu ɗaya take bayarwa kullum, ubanta ma haka. Shi ya sa kowane ɗa fari goma baƙi goma yake samu, ba ragi ba ƙari, suka fito kansu ɗaya. Inda uwa ta gaza uba ya rufa mata, inda uba ya gaza ita ta rufa masa. To yanzu ita ma za ta haihu. Ba za ta ba ɗanta ashirin ɗin duka ba, goma za ta bayar, ɗaya daga kowane biyu. Rufe idonki ki zara mu gani."

Na rufe ido na bi ina zarar ɗaya-ɗaya. Da na buɗe, fari shida, baƙi huɗu. Ta mayar da su ta ce in sake. Wannan karon baƙi ne bakwai. Na sake, na kuma sakewa, ko sau ɗaya hannuna bai maimaita abin da ya ɗauka ba.

Ta ce, "Wannan rabi ne kawai, na ɓangaren goyo. Garin fure ma haka zai zo da nasa goman, shi ma ido rufe aka zara. In sun haɗu, wani wurin fari biyu ne, wani wurin baƙi biyu, ba mai rufa wa wani asiri. Wata za ta yi dace, wata ta kwaso gazawar kakanninta duka biyu. Abin da ke tsaye a gonarki ke nan."

Inna ta miƙo hannu ta ce ita ma a ba ta ta gwada. Ta zara sau biyu, ta ture tsinkayen gefe.

"Ashe caca muka shuka. To nawa irin fa, me ya hana shi watsewa?"

"Naki, Mama, shekara da shekaru yana haɗuwa da junansa a ƙasa ɗaya, kina zaɓe kina ajiyewa, ya riga ya zauna. Ba ya hawa can sama, amma ba ya faɗuwa warwas."

Inna ta dube ni ta gefen ido, ta ci gaba da gyaran ɗankwalinta.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, duk bayanin nan bai kai lokacin da ruwan kunu ke tafasa ba. Ni da aji huɗu na tsaya a firamare, na gane shi tsaf. Na ce, "Malama, tsintsiya ce babu a filin makaranta bara?" Ta fara dariya, sai ta ga ni ba dariya nake ba. Ta ce ta ɗauka abin zai yi mana nauyi, ga shi suna sauri, kuma wannan laifinta ne. A raina na san ko a ranar, da na ɗaga murya na tambaya, da ta tsaya.

Ina zaton an gama, sai ta kawo wata. Ta roƙi a bar ta ta ɗaura jan ƙyalle a jikin masarar da ta tsaya da ƙafarta a cikin wuta-wuta, in an yi girbi a ware mata su. Na bi ta ina kallo, duk wadda ta ɗaura wa ƙyalle ita ce wadda na riga na sa wa rai.

"Wato na kirkin za ki kwashe, ki bar mana masu haƙoran tsohuwa."

Ta ce za ta musanya mana da hatsi fiye da abin da ta ɗauka. Ta ce daga cikin waɗannan, in aka yi ta zaɓe ana sake shukawa, ana iya samun irin da wuta-wuta ba za ta iya da shi ba, wanda kuma za a iya ajiyewa.

"Sai yaushe?"

"Shekara shida, bakwai, in Allah ya yarda."

"Malama, ni kunun bana nake magana."

Inna ce ta raba mu. Ta ce, "Ba ta. Tunda ɓari ya riga ya auku, gara wani ya tsinta."

Malama ta cika alkawari. Ta aiko da hatsin, ta haɗa da wani iri da ta ce shi ana iya ajiye shi. Kuma ba wai gonar ba ta ba da komai ba ne, ta bayar. Sai dai da muka zuba duka a rumbu, har da na kunyoyin Inna da na Malama, bai kai inda tsohon irin nan gajere yake kai mu ba. A gidan da ke da babbar gona wannan giɓi ba zai dami kowa ba. Mu a wurinmu wata biyu ne na abinci. Tun da rani muka koma tuwo sau ɗaya a yini don kunun yarinya ya samu. Duk da haka, ruwan farko bai daɗe da sauka ba hatsi ya kusa ƙarewa.

Maigida ya shiga ƙwadago a gonakin mutane, amma abin da yake samowa bai wuce cikin mutum biyu ba. Aka zauna aka yanke cewa in ɗauki yarinya in tafi gidanmu, can wajen Randagi, sai sabon hatsi ya fito. Hanyar nan a lokacin ba wadda mutum ke bi don marmari ba ce. Inna ta rako mu har inda masu babur ke tsayawa, ta cusa mini wani ƙulli a cikin kaya. Garin kunu ne, kuma na san daga rabonta ta rage shi.

"Na takwara ne, ba naki ba. In kika dawo mini da ita da wuyan nan haka, ni da ke ne."

Muka hau, yarinya ɗaure a bayana, duk addu'ar da na iya sai da na karanta, ina kallon kowane kurmi da muka wuce. Allah ya kai mu lafiya. Mahaifina na zaune a zaure, da ya gan ni da ƙullin kaya sai fuskarsa ta canja.

"Me kika yi musu?"

"Ba komai, Baba. Lafiya lau muke."

"Lafiya lau, kika baro ɗakinki ana tsakiyar aikin damina?"

Na tsaya da goyo a baya ina neman yadda zan ce masa ba miji ne ya kore ni ba, ba suruka ba ce, masara ce. Wata biyu da kwanaki na yi a gidan. Matan unguwa na ta shigowa suna ba ni haƙuri a kan zaman aure. In na ce ba yaji na yi ba, sai su ce ai kowacce haka take faɗa. Tun ina bayani har na gaji na koma cewa na gode.

Yarinyar ta yi ƙiba kaɗan, a can kuma bakinta ya buɗe, mahaifina ta fara kira Baba. Da sabuwar masara ta nuna muka dawo. Maigida ya tarye mu a ƙofar gida, ya rame, ya yi baƙi, ya miƙo hannu zai ɗauke ta. Sai ta ƙanƙame zanina ta ɓuya a bayana tana kuka. Ba ta gane shi ba. Ya daɗe tsaye da hannun a miƙe kafin ya sauke.

Abin da na koya shi ne, "kada ki yi" ba ya riƙe mai tsoron yunwa sai an haɗa masa da dalili. Na kuma koyi cewa in aka gaya mini abin da ya saɓa wa wanda na tashi na tarar, in buɗe baki in tambaya tukuna, kafin in yanke cewa cuta ake shirya mini. Ba duk mai kyau ke haifar mai kama da shi ba, kuma gona ɗaya tilo ba wurin gwaji ba ce.

Roƙona guda ne. In kai ma'aikacin gona ne, ka daure ka zauna ka faɗa wa mutane dalili da harshen da za su gane, ko mota na jiranka. In kuma kana da 'yar'uwa ko ɗan'uwa a ƙauye da ke shirin shuka abin da ya girba daga masara mai aure, don Allah ka karanta masa wannan kafin ruwa ya sauka.